Gilasai Arba'in a Gaban Farfesa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, da ana barin mutum ya yi jifa a ɗakin taro, da ta wurga masa kwamfutar da ke gabanta.

Taron girmama mahaifinta ake yi. Farfesa ya cika shekara talatin yana bincike a kan fankiriyas, 'yar tsokar nan da ke kwance a bayan tumbi, mai samar da insulin, wadda in ta gaza mutum ya kamu da ciwon suga. Rabin mutanen ɗakin ɗalibansa ne, sauran rabin ɗaliban ɗalibansa. Duk wanda ka ga ya iya ware ƙwayoyin fankiriyas da ransu bai kashe su ba, bi salsala, daga hannun Farfesa abin ya gangaro. Auta kuwa, ban da kasancewarta 'yarsa ta ƙarshe, tana digirinta na uku a lab ɗinsa, wato ɗakin bincikensa. Ita ce ma take sauya masa hotuna a majigi.

Aka zo kan hoton da ya yi masa suna. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya nuna cewa wasu ƙwayoyin fankiriyas da ba aikinsu ba ne yin insulin, in an raine su a faranti yadda ya tsara, sai su koyi yin sa. Ga su nan a bango kore shar, don rinin da ake sa musu kore yake nunawa duk inda insulin yake. Ɗaki ya ɗauki tafi.

Sai wani hannu ya tashi daga kujerar baya. Wani dogo ne siriri, gilashin idonsa a karkace, wuyan rigarsa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

"Ranka ya daɗe, ruwan da ake ciyar da ƙwayoyin nan ai da insulin a cikinsa. Ta yaya muka san ƙera shi suka yi, ba sha suka yi ba?"

Farfesa ya cire gilashinsa, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Yaro, lokacin da na ɗauki hoton nan ko tafiya ba ka koya ba. Zauna."

Aka yi dariya. Auta ba ta yi ba. Zuciyar Abbanta ta gada, a kusa take, kuma ba ta sauka da wuri. Ana tashi ta tare shi a baranda.

"Malam, ku haka ake yi a wajenku? A gayyace ka biki ka zo da tsinke kana neman abin tsokala?"

"Yi haƙuri. Sau goma sha ɗaya na gwada, ban taɓa samun abin da ya samu ba."

"Hannunka ne bai iya ba."

"Zai yiwu," ya ce, har da murmushi, abin da ya ƙara tunzura ta. "Shi ya sa jami'armu ta turo ni nan wata shida, in koya. An ce teburina yana kallon na 'yar Farfesa. Ko kin san ta?"

Tun ranar ta sa masa suna Mai Gardama, sunan kuma ya bi shi.

Watan farko faɗa suka yi shi. Sun yi a kan wuri a firji, sun yi a kan safar hannu, sun yi a kan wa ya bar fitilar madubi a kunne, madubin nan mai ƙara girman ƙwayoyi da kowa ke bin layinsa. In ta yi masifa sai ya tsaya ya ji ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Kin yi gaskiya a biyu, na ukun ban yarda ba." Babu abin da ke ƙona mata rai irin wannan. Mutum ya yi zuciya mana, kamar kowa!

Wata Asabar iskar injin da ake ɗumama ƙwayoyi ta ƙare ba wanda ya sani. Mai Gardama ya leƙo da hantsi ya ga alamar, ya kwashe farantanta goma sha takwas ya mayar wani injin a hawa na uku, ya bar nasa sai daga baya. Nasa huɗu suka mutu. Bai faɗa mata ba. A littafin injin ta gani ranar Litinin, ta daɗe a tsaye tana neman abin da za ta yi fushi a kai, ta rasa. Da yamma ta tura masa saƙo.

"Wa ya ce ka taɓa min kaya? ... Na gode."

Amsa ta zo: "Rabin farko na saba da shi. Rabin ƙarshen zan adana."

Daga nan hira ta buɗe. A wajen shan shayi ya gaya mata mahaifiyarsa shekara sha tara tana yi wa kanta allurar insulin kullum, cinyoyinta duk tabo. Yana aji biyu a jami'a ya ci karo da takardar Farfesa, ya karanta ta har ta yage a ninki, ita ce ta sa ya shigo wannan fanni.

"Kina ganin so nake ya faɗi? Wallahi duk ɗakin nan ba wanda ya kai ni son abin ya zama gaskiya."

Auta ta kau da kai, don idonsa ya yi mata kusa da yawa. Kafin wata na huɗu ya fita, ya koma kiranta Barkonona, ita kuma ta daina yi masa gyara.

"Barkonona, yau ba ki yi min faɗa ba. Lafiya kuwa?"

"Ina tarawa ne. Ka gyara wuyan rigarka kafin ka shigo gobe."

"In na gyara, wa zai tsaya kusa da ni ya gyara min?"

Umma ta fara sani, don uwa ba a yi mata ɓoyon murmushin waya. Ita ta kai maganar teburin abinci. Farfesa ya ajiye cokali da ƙarfi har ruwa ya fantsala daga kofi.

"Wa? Yaron nan da ya tsaya gaban jama'a ya ce ban san aikina ba?"

"Abba, tambaya ya yi."

"Tambaya! Duk samarin da ke lab ɗin nan, masu ladabi, masu hankali, ba ki ga kowa ba sai mai bakin aku? Ga wanda ya shekara tara tare da ni bai taɓa ce min a'a ba."

Babban ɗalibinsa yake nufi, wanda ake kira Na-Dama, mai riƙe masa jaka, mai fara dariya kafin Farfesa ya ƙarasa barkwanci. Ya daɗe yana zagaye Auta, ita kuwa ko a jikinta.

"Abba, ai shi ya sa ba na son sa."

"To ki ji da kyau. Muddin ina numfashi, yaron nan ba zai zama surukina ba."

Umma ta ce, "Alhaji, a bi a hankali mana." Ya tashi ya bar abincin.

Ba a yi kwana uku ba Na-Dama ya same ta a ɗakin wanke kwalabe, fuskarsa cike da tausayin da bai kai zuci ba, ya miƙa mata wasu takardu.

"A firinta na tsince su. Na ga ya kamata ki sani."

Takarda ce da aka shirya don aika wa mujalla, shafi goma sha biyu, da sunan Mai Gardama a sama. Ta karanta layin farko, kunnuwanta suka ɗau zafi. Cewa yake ƙwayoyin Farfesa ba su taɓa ƙera insulin ba, sha suke yi. Kuma da waɗanne ƙwayoyi ya yi aikin? Da na firjin Abba, waɗanda ita da hannunta ta ciro masa, tana yi masa dariya wai ya zo ya koyi aiki.

Ta same shi a teburinsa ta watsa masa takardun a ƙirji.

"Ashe abin da ya kawo ka ke nan! Shayin, da saƙonnin, da farantaina da ka kwashe, duk don in buɗe maka firji ne?"

Ya miƙe, a karo na farko ta ga ransa ya ɓaci.

"Kin san ba haka ba ne. Ban aika ta ko'ina ba. Sau uku ina kai wa Farfesa ofis, sau uku yana ce min in rufe masa ƙofa ta waje."

"To yaga ta. Yanzu, a gabana."

"Ba zan yaga ba."

"Ko da a kaina ne?"

"Barkonona, akwai lab-lab da yawa da ke bin hanyar nan, suna ɓata shekaru, marasa lafiya suna jira. In na yaga don in same ki, wane irin miji za ki kai gida?"

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Mako biyu ba ta ce masa ko sannu ba. Saƙonsa ɗaya ne ya shigo: "Ina nan inda kika bar ni. Ban aika ba, ban yaga ba." Ta karanta ya fi sau ashirin, kowane karo tana jan tsaki.

Fushin ne ya ba ta dabara. Tunda gardama yake so, za ta rufe masa baki da dokar Abba da kansa. A bangon lab akwai wata doka da Farfesa ya kafa, wadda ɗalibansa suka yaɗa duk inda suka je: mai ƙirga ƙwayoyi ba ya sanin wanne gilashi ne wanne, sai ya gama. Ya taɓa korar ɗalibi saboda ya leƙa ƙarƙashin lakabi. Ta raini ƙwayoyi faranti arba'in daidai yadda Abba ya tsara. A kwana ukun ƙarshe ta sauya wa ashirin ruwa, ta ba su marar insulin. Lissafin a fili yake: in su ke ƙera abinsu, duka arba'in za su yi kore. In sha suke yi, ashirin za su dushe.

Ta ɗora su a siraran gilasai ta kai gida. Umma ce ta rufe lakabin da baƙin salatif, ta gauraya su, ta sa musu lamba, ta rubuta sirrin a takarda ta liƙe a ambulan.

"Shekara talatin ina cin abinci da labarin fankiriyas," in ji Umma, "yau dai an ba ni aiki."

Da Auta ta ajiye akwatin gilasan a gaban Abba, sai da ya yi mata kallon da bai taɓa yi mata ba.

"Har da ke?"

"Ni kunyata shi nake so in yi, Abba. Ka ƙirga da idonka, mu huta da bakinsa."

"Ni za ki yi wa jarrabawa? A gidana?"

"Dokarka ce! Ka kori mutum a kanta. Ko ta yara ce kawai?"

Umma ta dafe ƙirji. Uba da 'ya suka tsaya suna huci, hanci iri ɗaya, taurin kai iri ɗaya.

"Na ji," ya ce. "Amma in suka yi kore duka, kada in ƙara jin maganar yaron nan har abada."

"Na yarda."

Sai da kalmar ta fita ta ji nauyinta. In Abba ya yi daidai ta rasa Mai Gardama. In Mai Gardama ya yi daidai, ita da hannunta ta rushe wa mahaifinta abin da ya fi alfahari da shi. Ta zo yin addu'a ta rasa wanne za ta roƙa, abin ya ƙara ba ta haushi.

Ranar Asabar da safe suka shiga ɗan ɗakin madubi, aka ja labule don rinin ba ya son haske. Farfesa a kan madubi, Auta riƙe da biro, Na-Dama a tsaye a bayansu yana miƙo gilasai. Mai Gardama yana waje a kan bencin baranda, don Farfesa ya ce ko inuwarsa ba ya son gani.

"Lamba ɗaya, kore, ɗari da sha huɗu. Lamba biyu, kore." Muryar Abba tana da ƙarfi. A na uku ya daɗe yana murza madubin. "Babu."

Na huɗu kore. Na biyar babu. Na shida babu. Auta tana rubutawa, biron yana zame mata saboda gumi. Da aka kai na goma sha biyar, Na-Dama ya sunkuyo ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, bari in ɗan ƙara ƙarfin fitilar. In an ƙara suna fitowa."

Farfesa ya ɗago a hankali.

"Me ka ce?"

"Ai... haka muke yi. In suka dushe sai a ƙara, ko a ajiye gilashin gefe a ce rini ne bai kama ba."

"Haka *kuke* yi. Tun yaushe?"

"Tun kafin in zo, ranka ya daɗe. Na tarar ana yi. Kowa ya san ba ka son ganin baƙin gilashi."

Auta ta sha ganin fushin Abbanta, amma ba ta taɓa ganin irin na ranar ba. Ya miƙe, kujera ta kife.

"Shekara tara kana ganin baƙin gilashi kana ɓoye min? Kana riƙe min jaka kana barina ina yawo duniya da ƙarya a baki? Ni na koya maka haka? Ni?" Ya tsaya, don amsar ta zo masa tun kafin kowa ya ba shi. Wa zai kawo baƙin gilashi ga mutumin da ke cewa a rufe masa ƙofa ta waje? "Fita," ya ce a hankali. "Je ka. Laifin ba naka kaɗai ba ne."

Ya ɗaga kujerar ya zauna, ya ƙirga sauran ashirin da biyar ɗin shi kaɗai, bai taɓa fitilar ba. Sannan ya yaga ambulan ɗin Umma. Ashirin kore, ashirin babu, kuma ko ɗaya bai kauce ba: duk wanda aka sauya wa ruwa ya dushe.

Auta ta durƙusa a gefensa, hawaye suka ɓalle mata.

"Abba, ka yafe min. Wallahi ba haka na so ba."

Ya dafa kanta.

"Da kin gani kin ɓoye min, shi ne da ba zan yafe ba. Kira min shi."

Mai Gardama ya shigo ya rusuna. Farfesa bai ce ya zauna ba.

"Ka san ka ba ni haushi ranar nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Har yanzu kana ba ni. Me ya hana ka aika takardarka? Da yanzu ka yi suna."

"Ban so ka gani a mujalla kamar baƙo ba. Da takardarka na shigo aikin nan."

Farfesa ya miƙa hannu. "Kawo ta." Ya zaro jan biro daga aljihu, ya buɗe shafin farko, nan take ya ja layi. "Wannan jimlar ta yi tsawo. Wa ya koya maka rubutu? Za ta fita da sunanka a gaba. Tawa tsohuwar kuwa ni zan janye ta, da hannuna, ba wanda zai yi min." Ya juya shafi bai ɗago ba. "Kuma ka ce wa iyayenka ina son ganinsu. Kada ka yi murmushi, ban huce ba."

A baranda Auta ta tsaya ta ba shi baya, tana share ido da hannun farar rigarta.

"Na zarge ka da abin da ba ka yi ba."

"Kin yi."

"To ba sai ka ce 'ba komai' ba? Sai na durƙusa?"

"Ba komai, Barkonona. An dawo min da izinin sunan?"

"Ina tunani," ta ce, amma ta riga ta juyo.

Takardar janyewar ta fita bayan wata uku, sati guda kafin ɗaurin aure. Shafi ɗaya ce, babu kwana-kwana: na yi kuskure, ga yadda aka gano, ga wanda ya gano. Kwana biyu Farfesa bai fita ba, ya tabbata duniya dariya take yi masa. Umma ce ta riƙa kawo masa wayar tana ajiyewa a cinyarsa. Saƙonnin tsofaffin ɗalibansa ne, daga ko'ina. Wata ta rubuto cewa ta tara nata ɗaliban ta karanta musu shafin a tsaye. Wasu kuwa sun yi shiru, kuma shirun ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba.

Ranar auren gida ya cika. Mahaifiyar ango ta riƙe hannun Auta ta ƙi saki, tana ta ce mata "'yata". Da aka zo tafiya da amarya, aka kai su gaban Farfesa su biyu. Auta ta ɗago ta dube shi, ta ga furfurar da wata ukun nan suka ƙara masa, zuciyarta ta karye.

Ya dubi angon tukuna.

"Na ba ka ita. Faɗa gare ta, ni ta gado, sai ka yi haƙuri. Na ba ku sati biyu. Bayan nan ina jiran ku a lab, daga farko za mu soma, mahaifiyarka ba za ta yi ta jiranmu ba."

Sannan ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan mijinta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah ya sa kada ɗayanku ya taɓa jin tsoron kawo wa ɗan'uwansa labarin da ba ya so."

Ya so ya ƙara, muryar ta ƙi. Umma ce ta ƙarasa masa addu'ar, jama'a suka amsa da amin, shi kuwa bai ɗauke hannuwansa daga kansu ba sai da direba ya yi oda sau biyu.